Salame a Gwangwani

Ranar da aka sayar da silimarmu ta bakin layin dogo,
aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya.
Iliya ya kwance fanka, Gwamma ta ja benci biyu,
ni na rungumi gwangwanaye bakwai masu tsatsa,
na hau acaɓa da su har Tudun Wada.

A murfin an rubuta Solange.
Harshenmu ya ƙi, muka ce Salame.
Shekara ashirin da shida ina ɗakin inji, can sama, cikin gumi,
ta wata 'yar taga da ba ta kai faifai ba
nake sakin ta, ta bi igiyar haske, ta sauka a farin bango.
Ba mai jin Faransanci a cikinmu.
Amma in ta ɗaga gira, 'yan masaƙar Kakuri,
da sauran auduga a sumarsu, sai su yi tsit,
mai gyaɗa ma ta manta da canji.

Kwara mai gidan, Fu'adu, shi ya ba ni labarinta
wani dare da aka ɗauke wuta muna zaman jira.
Ya ce da riƙon tire ta fara,
maganarta ɗaya a fim guda: mota ta iso.
Sai sojan Jamus suka kwana a birninsu,
manyan 'yan wasa suka haye teku da akwatunansu.
Rashin farin wata, tauraro ke haske.
Fim tara ta yi cikin shekara huɗu,
kuɗin kuwa daga aljihun masu takalmin ƙarfe.

Ya ce babu gawayi a ɗakin ɗauka.
Ƙanƙara take tsotsa kafin ta buɗe baki
don kada tururin numfashinta ya fito a hoto.
Rigar nan da muke wa fito, mai sheƙi,
labulen otal ne aka yanka.

Da yaƙi ya ƙare aka zaunar da ita a dandali,
aka aske mata kai, jama'a na tofi.
Wasu sun ce da hafsoshi take cin abincin dare.
Wasu sun ce tela da 'yarta ta ɓoye bayan kabad
wata goma sha ɗaya, tana raba katin burodinta uku.
Na ce, to wanne ne?
Fu'adu ya karkaɗe tokar sigari, ya ce duka biyun ya ji.

Sau ɗaya na kawo babana.
Saje Barau, ya yi nasa yaƙin a kurmin Bama,
ya dawo da lamba biyu da tari mai hana barci.
Na sa masa kujera gefen injin.
Bai kula da rawar ba, bai kula da lu'ulu'un ba.
Can ya sunkuyo, ya ce,
yarinyar nan yunwa take ji, dubi wuyanta.
Daga nan bai ƙara cewa komai ba har muka isa gida.

Yanzu buhunan shinkafa ne jingine da bangon.
Zaren fim ɗin ya fara warin tsami,
in na warware shi sai ya manne a yatsa.
Da la'asar nakan ɗaga shi ga hasken ƙofa,
hoto ashirin da huɗu kafin ta gama ƙifta ido sau biyu.
Jiya jikata Kande ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, Kaka, mutuniyar kirki ce?

Na matsa gaba da taƙi guda, na sake matsawa.
Ga ta nan, ta juyo, leɓenta a ɗan buɗe,
za ta faɗi wani abu.
Wurin ne daidai injina ya taɓa ƙonawa,
na yanke da reza, na liƙe,
tun Kande ba ta zo duniya ba.